Fari a Faransa: ruwan sha ko ciyawar filin ƙwallon lambu?

In ana zancen fari, hankalinmu yakan koma ga shekarun 1973 da 1984, lokacin da hatsi ya ƙone a gona, bisashe suka faɗi a bakin rijiyoyi. Ƙasashen Turai ba su ga irin wannan masifa ba a zamanin nan, amma su ma ruwa yakan yanke musu. A shekarar 2022 ƙasar Faransa ta shiga farin da gwamnatinta ta ce ba a taɓa ganin mai tsananinsa ba tun da aka fara awon ruwan sama a ƙasar.

A can ruwa ba shi da damana guda irin tamu. Yana sauka kowane wata, kuma na lokacin sanyi ne ke nutsewa ƙasa ya cika rijiyoyi da idanun ruwa. Sanyin 2021 zuwa 2022 ya wuce ba ruwan kirki, zafi ya shigo da wuri, sannan watan Yuli ya ƙare ruwan da ya sauka a faɗin ƙasar bai kai milimetir 10 ba. Tun da aka fara wannan lissafi a 1959 ba a ga Yuli mai bushewa haka ba. Cikin wannan wata gobarar daji ta cinye fiye da hekta 20,000 a jihar Jirond. Kogin Luwar, wanda ya fi kowane tsawo a ƙasar, ya janye har ana ƙetare shi da ƙafa a wasu wurare. Ranar 5 ga Agusta faraminista Élisabeth Borne ta kafa kwamitin gaggawa, ministan kula da muhalli Christophe Béchu kuwa ya bayyana cewa garuruwa da ƙauyuka fiye da 100 famfunansu sun ƙafe, sai da manyan motoci ake kai musu ruwan sha. Cikin jihohi 96 na ƙasar, 93 suna ƙarƙashin dokar tsimin ruwa.

Ana cikin wannan hali wata gardama ta tashi. An hana mutane wanke mota da ban ruwan furanni, an rufe wa manoma da yawa ban ruwan masara, mai ɗan lambun kayan miya an ƙayyade masa sa'o'i. Amma in dare ya yi sai a ga ruwa na fesuwa a wasu sassa na filayen ƙwallon lambu, wasan da Turawa ke kira golf, kuma da iznin doka. Yau za mu duba yadda ake kula da irin wannan fili in ruwa ya yi ƙamfa, domin a cikinsa akwai tambayar da ke gaban duk wanda aka danƙa wa ruwan jama'a: in ruwa bai ishi kowa ba, wa zai fara sha, kuma me za a bari ya bushe?

Wasan da filinsa

Asalin wasan daga Sikotilan ne, arewa da Ingila. Ɗan wasa yana bugun wata ƴar ƙwallo mai tauri da sanda mai kan ƙarfe, daga wurin farawa har ya jefa ta cikin wani rami mai faɗin milimetir 108. Wanda ya zagaye ramukan duka da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. A garin St Andrews aka tsaida ramuka 18 a shekarar 1764, har ya zama ƙa'ida. Ƙaramin fili kuwa ramuka 9 gare shi. Wasan ya shigo Faransa ta garin Pau a 1856. A 2022 ƙasar tana da filaye wajen 700, da ƴan wasa masu kati fiye da 400,000.

Cikakken fili yakan ci hekta 50 zuwa 60, kuma kowane rami yana da sassa huɗu. Akwai dandamali, inda ake bugun farko. Akwai burtali, wato doguwar hanyar ciyawa mai tsawon metir 100 zuwa 500 wadda ƙwallo ke bi. Akwai gefen daji, inda ake barin ciyawa ta yi tsawo a dama da hagun burtali. Sai farfajiyar rami, wani ɗan wuri mai sumul da ke kewaye da ramin, girmansa kamar metir 25 ne bisa metir 20. In aka haɗa farfajiyoyi 18 ba su wuce hekta ɗaya ko ɗaya da rabi, wato wajen kashi 2 cikin 100 na filin. Amma a nan ne ake yin kusan rabin bugun wasan, a hankali, ƙwallo na gangarawa bisa ciyawa. Shugaban ma'aikatan da ke kula da wannan duka, bari mu kira shi sarkin lambu.

Filayen farko na Sikotilan ba wanda ya yi musu ban ruwa. Tuddan rairayi ne na bakin teku, tumaki da zomaye ke aske ciyawarsu, in zafi ya zo ta yi ja, a ci gaba da wasa. Ko a 2018, da aka yi babbar gasar wasan a Carnoustie, burtalan sun bushe kamar kara, gasa kuwa ta tafi lafiya. Son ganin fili kore shar duk shekara sabon abu ne, wanda ya yaɗu bayan 1960 tare da bututun ban ruwa na ƙarƙashin ƙasa da talabijin mai launi.

Dalilin ƙishin farfajiya

Farfajiyar rami gini ce, kamar yadda ɗaki yake gini. Bisa tsarin da hukumar wasan ta Amurka ta fitar a 1960, wanda ake bi a ƙasashe da yawa, ana haƙa wurin, a jera bututun tsane ruwa, a zuba tsakuwa mai kaurin santimetir 10, sannan a ɗora rairayi mai kaurin santimetir 30 wanda aka cuɗa da ɗan ruɓaɓɓen ganye. Ana yin haka ne don kada ruwan sama ya kwanta, kada kuma ƙafafu su daddaɓe ƙasar. Amma duk mai gonar jigawa ya san halin rairayi: yana shan ruwa da sauri, yana sakinsa da sauri.

Ban da haka, ana aske ciyawar farfajiya kusan kullum, a bar ta milimetir 3 ko 4 kacal. Ciyawa kuwa gwargwadon ganyenta gwargwadon saiwarta. Wadda aka aske haka, saiwarta cikin zafi sau da yawa ba ta wuce tsawon ɗan yatsa, ba ta kai inda laima take. Irin da ake shukawa a mafi yawan filayen Faransa ma na ƙasar sanyi ne, in zafi ya haura digiri 30 girmansa yakan tsaya. Shi ya sa tarayyar ƙwallon lambu ta Faransa ta ce a 2022, in aka hana farfajiya ruwa cikin tsananin zafi kwana uku sun isa ta mutu. Ciyawar burtali da ta gefen daji ba haka take ba, domin tana bisa ƙasar asali, saiwarta ta yi nisa.

Matakai huɗu na doka

A Faransa perefe, wato wakilin gwamnati a kowace jiha, shi ke sa hannu ga takardar tsimin ruwa, bayan an auna koguna da rijiyoyi. Matakai huɗu ne: jan hankali, gargaɗi, gargaɗi mai tsanani, da matakin masifa. Abin da ya shafi filayen ƙwallon lambu yana cikin wata yarjejeniya da tarayyar wasan ta ƙulla da gwamnati a 2019, ga kuma yadda yake a 2022.

A matakin jan hankali roƙo ne kawai. A matakin gargaɗi an hana ban ruwa daga ƙarfe 8 na safe zuwa ƙarfe 8 na dare, kuma dole a rage kashi 15 zuwa 30 cikin 100 na ruwan da aka saba sha a mako. A matakin gargaɗi mai tsanani an hana burtali ruwa dare da rana, sai dandamali da farfajiya, ragin kuwa ya kai kashi 60. A matakin masifa an hana ban ruwa baki ɗaya, in ban da farfajiya, ita ma da dare, kuma kada a wuce kashi 30 na abin da aka saba. Akwai sharaɗi guda a ƙarshe: in ruwan sha ya yanke a yankin, ita ma farfajiya babu. Kowane fili yana da kwantar, wato ma'aunin ruwa, da rajistar da ake cikawa kowane mako, wadda ƴan sandan kare muhalli ke iya dubawa. Tarar wanda ya saɓa tana kai Yuro 1,500 ga mutum guda, kusan miliyon ɗaya ke nan na kuɗin sefa, ta kamfani kuwa Yuro 7,500. A farkon Agustan 2022 jihohi fiye da 60 suna matakin masifa.

Lissafin sarkin lambu

Hausawa na cewa in ruwanka bai ishe ka wanka ba, yi alwala. Aikin sarkin lambu na farko lissafi ne, kuma lissafi ne da kowane mai noman rani zai iya yi. Ruwa milimetir ɗaya bisa hekta ɗaya daidai yake da metir-kib 10, kowane metir-kib kuwa litar 1,000 ne. A ranar zafi mai iska, rana da ganye sukan shanye wajen milimetir 5. Ke nan hekta ɗaya ta farfajiyoyi tana bukatar metir-kib 50 a rana. Burtalan fili mai ramuka 18 kuwa sukan kai hekta 12 zuwa 15, su kaɗai za su sha metir-kib 600 zuwa 750 a rana in ana so su zauna kore. Ranar da aka rufe wa burtali famfo, an tsimi kashi 9 cikin 10 na ruwan filin.

Saboda haka sarkin lambu yana jera sassan filinsa kamar yadda maigida ke jera rumbunsa a shekarar yunwa. Gefen daji shi ake fara saki, sai burtali, sai dandamali. Farfajiya ita ce iri, ba a taɓa ta sai in rai ya kai ga halaka, domin sake gina ta yana cin watanni da kuɗi masu yawa, kuma fili ba ya buɗuwa in babu ita.

Ciyawar da aka saki ba mutuwa take yi nan da nan ba. Ganyen yakan bushe ya yi ruwan ƙasa, amma gindinta da ke daidai da fuskar ƙasa yana nan da rai, yana barci. Haka gamba ke yi a dajinmu: ta bushe duk rani, ruwan farko ya sauka ta yi toho daga tushenta. Ciyawar burtali takan jure makonni huɗu zuwa shida cikin wannan barci. Abin da ke kashe ta a lokacin shi ne takawa. Tayar ƴan motocin da ƴan wasa ke yawo da su tana murƙushe gindin, sawun ya zauna har bayan ruwa ya dawo. Don haka ake ɗaura igiyoyi, a tilasta wa motoci bin hanyar tsakuwa, ko a hana su shiga sam. Ana kuma hana shan taba, saboda busasshiyar ciyawa da iska ba su jiran ashana ta biyu.

Dabarun rayar da farfajiya

Abu na farko shi ne ɗaga wuƙar injin aski. In an saba milimetir 3, sai a mai da ita 4 ko 5. Bambancin kamar ba kome ba ne ga ido, amma ganyen ya ƙaru da kashi ɗaya cikin uku ko fiye, yana yi wa ƙasa inuwa, yana ciyar da saiwa. Ana rage yawan askin, rana guda a aske, rana guda a bi wurin da gangar ƙarfe mai nauyi don ya yi sumul. Ana wasa wuƙar sosai, domin dakusasshiyar wuƙa yagar ganye take yi, raunin kuwa ƙofa ce da ruwan jikin ciyawa ke fita ta cikinta.

Abu na biyu, a dakatar da takin zamani irin wanda ke sa ganye ya tashi da sauri. Sabon ganye ƙishi gare shi. Manomi ya san abin da ke faruwa ga hatsin da aka zuba wa taki sannan ruwa ya ɗauke.

Abu na uku, a bar ban ruwa da ka. Sarkin lambu yana da wani ma'auni mai tsinken ƙarfe biyu ko uku, wanda ake cakawa cikin ƙasa ya nuna yawan laimar da ke wurin. Da asuba da kuma la'asar ma'aikata na zagaya kowace farfajiya, suna cakawa a wurare da dama suna rubutawa. Tudu da gefe da ɓangaren da rana ta fi duka su ke fara bushewa, kwari kuwa yakan riƙe laima. Ido ma yana da nasa aiki: ciyawar da ƙishi ya kama takan juya ta yi toka-toka, in an taka ta sawun ƙafa ya zauna bai tashi ba. Maimakon a buɗe mafesan da ke watsa ruwa ko'ina, har iska ta kwashe rabi, sai mutum ya ɗauki tiyo ya bi wuraren da ma'auni ya nuna, su kaɗai. Tun da doka ta hana ban ruwan rana, aikin ya koma na dare da na sassafe, kafin ƙarfe 8 a rufe famfo.

Abu na huɗu ya shafi wata cuta ta rairayi. In ya bushe ƙwarai, wani maiƙo da ke fitowa daga ruɓaɓɓen ganye yakan lulluɓe ƙwayoyinsa, ruwa ya riƙa zamewa a kansa kamar a kan ƙwarya mai mai. Kana zubawa yana gangarewa, ƙasan kuwa ƙura ce. Maganinsa wani ruwa ne mai kama da na sabulu, wanda ke sa ruwa ya ratsa, tare da huhhuda ƙasar da siraran ƙusoshi. Amma wannan magani tun kafin zafi ake fara fesa shi, wata-wata. Wanda ya jira sai tabo ya fito ya makara.

Akwai sauran ƙananan ayyuka. Ana sake wurin ramin kullum don kada ƙafafu su taru wuri guda. Ana bin bututu ana toshe yoyo. Ana yanke saiwar itatuwan da ke kusa, waɗanda ke miƙowa ƙarƙashin farfajiya suna satar ruwa. Daga ƙarshe akwai aikin baki: sarkin lambu ya tsaya gaban masu biyan kuɗin kulob, waɗanda suka saba ganin kore, ya fahimtar da su cewa jar ciyawa ba sakaci ba ce, kuma ƙwallo ta fi gudu a kanta.

Gardamar Agusta

Duk wannan bai kwantar da hankalin jama'a ba. Magajin garin Grenoble na lokacin, Éric Piolle, yana cikin waɗanda suka fito fili suka ce ana kare wasan masu hannu da shuni alhali talaka na kallon lambunsa yana ƙonewa. Masu wannan ra'ayi sun kafa hujja da wani rahoton majalisar dattawa na 2003, wanda ya ce babban fili na alfarma yakan sha metir-kib 5,000 a rana, daidai da garin mutum 12,000. Tarayyar wasan ta musanta, ta ce wannan adadi ya yi nesa da gaskiyar yawancin filaye, matsakaicin abin da ramuka 9 ke sha shi ne metir-kib 25,000 a shekara. Ta ƙara da cewa mutum 15,000 ke cin abinci a wannan sana'a, kuma wani jami'inta, Gérard Rougier, ya kwatanta filin da ba farfajiya da dandalin wasan ƙanƙara wanda babu ƙanƙara cikinsa. Cikin watan Agusta wasu matasa masu fafitikar kare muhalli suka shiga filaye biyu kusa da birnin Tuluz da dare, suka cike ramuka da siminti. A jihar Ille-et-Vilaine kuwa perefe ya hana ko da farfajiya ruwa.

Kowane ɓangare yana da abin kamawa. In aka dubi ƙasar gaba ɗaya, noma ke ɗauke da wajen kashi 58 cikin 100 na ruwan da ake shanyewa, ruwan gidaje wajen kashi 26, rabon ƙwallon lambu kuwa bai kai kashi ɗaya ba. Rufe filayen duka ba zai ceci masarar Faransa ba. Sai dai ba a shan ruwa da lissafin ƙasa baki ɗaya, kowane ƙauye daga kwarinsa yake sha. Metir-kib 50 ɗin da muka lissafta a sama bido 2,000 ne mai cin litar 25. Ga Bafaranshe, wanda ke kashe wajen litar 150 a rana, ruwan mutum 330 ne. In aka bi litar 20, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ke ɗauka a matsayin mafi ƙarancin bukatar mutum a rana, ruwan mutum 2,500 ne. A kwarin da ruwa ke gudu wannan ba kome ba ne, a kwarin da mota ke kawo ruwan sha kuwa abu ne babba.

Tarayyar ta kuma ce fili ɗaya cikin 10 ne kawai ke ɗibar ruwan famfon gari, sauran daga koguna da tafkuna da rijiyoyin foraj suke sha. Wannan gaskiya ne, amma bai kashe magana ba. Foraj ɗin filin wasa da rijiyar ƙauyen da ke maƙwabtaka da shi sau da yawa gurbi guda suke tsotsa a ƙarƙashin ƙasa.

Abin da ya biyo baya

Da ruwa ya dawo a watan Satumba, mafi yawan burtalan suka yi toho, aka huda ƙasa aka watsa sabon iri inda ya mutu. Amma sanyin da ya biyo ya zo da nasa farin: daga ƙarshen Janairu zuwa ƙarshen Fabrairun 2023 an yi kwana 32 a jere ba ruwan kirki a ƙasar. Ranar 30 ga Maris 2023 shugaba Emmanuel Macron ya bayyana wani tsarin ruwa, wanda ya nemi a rage kashi 10 cikin 100 na ruwan da ake ɗiba kafin 2030. A watan Mayun shekarar aka tsaurara dokar filayen ƙwallon lambu: a matakin masifa farfajiyoyin ramuka 9 ba za su wuce metir-kib 350 a mako ba, ragin kuma ya kai aƙalla kashi 80 cikin 100.

Hanyoyi uku ake bi domin kada fari na gaba ya tarar da filaye yadda na 2022 ya tarar da su. Ta farko ita ce shan ruwan da gari ya gama aiki da shi, wato ƙazamin ruwan gidaje wanda aka tace a ma'aikata. A lokacin jawabin shugaban, abin da Faransa ke sake amfani da shi na irin wannan ruwa bai kai kashi ɗaya cikin 100 ba, aka sa burin kai shi kashi 10. Filayen Pornic da Sainte-Maxime da Cap d'Agde suna cikin waɗanda suka riga suka kama wannan hanya, kuma Tunisiya da birnin Marakesh na Maroko sun daɗe a kanta. Wannan ruwa ba ya yankewa, domin gari ba ya daina wanka da wanki. Aibinsa gishiri: yana taruwa cikin ƙasa kamar kanwa a fadama, sai an riƙa auna shi ana wanke ƙasar da ruwa mai yawa lokaci-lokaci. Ga kuma tsadar bututun da za a ja daga ma'aikatar tacewa.

Hanya ta biyu ita ce sake irin ciyawa. A kudancin ƙasar ana maye ciyawar sanyi da wadda muka sani da sunan kiri-kiri, wadda masu lambu a fadamunmu ke yaƙi da ita. Tana son zafi, saiwarta na nisa, tana yaɗo ta rufe wurin da ya mutu, ruwan da take sha kuma bai kai na ciyawar sanyi ba. Ita kuma da hunturu take barcinta, ta yi ja, shi ya sa ba ta dace da arewacin Faransa ba. A can ana komawa ga siririyar ciyawar tuddan teku da ake kira fetik, irin ta filayen farko.

Hanya ta uku ita ce rage faɗin abin da ake ba ruwa tun daga tushe, tare da haƙa tafkunan tara ruwan sanyi. Misalin da masu wannan sana'a suka fi ambata yana Amurka, filin Pinehurst mai lamba 2 a jihar Karolina ta Arewa. A 2010 da 2011 aka tuge wajen hekta 14 na ciyawar gefe, aka mai da wurin rairayi da ciyawar daji, aka cire ɗaruruwan mafesai. Ruwan da filin ke sha ya ragu da fiye da rabi. A 2014 aka yi manyan gasannin ƙasar na maza da na mata a kansa, mako na bin mako, gefunansa kuwa jawur.

A ƙasashenmu na Sahel masu wannan wasa sun bi wata hanya dabam tun da farko. Filin Rio Bravo da ke bakin kogin Isa kusa da Yamai, da filin Wagadugu, an shimfiɗa su ba ciyawa. Burtali ƙasa ce tsurarta, farfajiya rairayi ne da aka cuɗa da mai aka daɓe, ana share shi bayan kowane bugu, ɗan wasa kuwa yana tafe da ƴar tabarmar roba da yake ɗora ƙwallo a kai. Wannan ma yana da nasa laifi, domin tsohon man inji yana gurɓata ƙasa. Amma ya nuna cewa ana iya wasan ba tare da an ba hekta 15 ruwa ba.

Dokar muhalli ta Faransa ta rubuta jerin masu haƙƙi ga ruwa, ta sa lafiyar jama'a da ruwan shansu a gaba da kome. Abin da farin 2022 ya nuna shi ne, rubutu ba ya isa in ba a shirya aiki da shi ba tun ruwa na gudu. Filayen da suka fita lafiya su ne waɗanda suka riga suka san sashen da za su saki, suka tanadi tafki ko ruwan tacewa, suka saba wa ciyawarsu da ƙishi.  Ga ma'aikacin da wata rana za a kawo wa takardar neman iznin haƙa foraj domin ciyawar ado, ko ta otel ce ko ta filin wasa, tambayoyin ba su da yawa: daga wane gurbi ruwan zai fito, su wa ke sha daga wannan gurbi, litar nawa za a ɗiba a rana cikin watan Afrilu da Mayu, kuma a hannun wa mabuɗin famfo zai kasance ranar da rijiyar ƙauye ta fara ja da baya.